Trello, Asana, monday ko ClickUp: wanne ya dace da ƙaramar ƙungiya a Kumasi?

Duk ƙaramar ƙungiyar aiki da na sani a Kumasi, daga shagon ɗinki a Aboabo zuwa masu buga kati da kalanda a Asafo, har kwamitin makarantar Islamiyya a Asawase, da WhatsApp take tafiyar da harkarta. Kuma yana yi mata aiki, sai ranar da ayyuka suka fi ƙarfin abin da kai ɗaya zai riƙe. Ranar za ka ga maigida yana ta jan fuskar waya sama, yana neman saƙon muryar makon jiya da kwastoma ya faɗi launin da yake so, alhali saƙon ya nutse tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar suna da hoton rasit ɗin MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya. A nan ne wani matashi cikin ƙungiyar yake cewa akwai manhajar da aka yi musamman don wannan, sai a fara gardamar wacce za a ɗauka.

Duk manhajojin nan alƙawari ɗaya suke yi: ka buɗe, da kallo ɗaya ka ga wane aiki yake hannun wa, ina ya kai, yaushe za a miƙa shi. Inda suka rabu shi ne yadda suke zana maka aikin, kuma zanen iri biyu ne tun asali.

Na farko allo ne mai layuka a tsaye, kowane aiki yana da katinsa, ana matsar da katin daga layi zuwa layi har ya fita. Dabarar ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A masana'antar Toyota da ke Japan aka rene ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarƙashin injiniya Taiichi Ohno, da katunan takarda, kuma daga can sunan kanban da ake kiran irin wannan allo da shi ya fito. Na biyu shi ne jadawalin da ke ɗauke da sunan Henry Gantt, Ba'amurken da ya yaɗa shi a shekarun 1910: kwanaki a jere a sama, kowane aiki sanda ce kwance da ke nuna ranar farawa da ranar gamawa, ka ga wanne ke jiran wanne. Kafin mutum ya tambayi sunan manhaja, ya fara sanin wane zane ne ya yi kama da aikinsa. Tela da mai gyaran waya da mai buga takardu, oda ce ke shigowa tana fita kullum ta hanya ɗaya, allo ya ishe su. Mai shirya walimar aure ko ɗan kwangilar da ke ɗora bene a Sawaba, aikinsa sarƙa ce: ba a zuba kankaren bene sai kafinta ya gama, ba a buga katin gayyata sai an tsayar da wuri. Shi jadawali yake buƙata.

Trello shi ne allo tsantsa. Kamfanin Fog Creek na New York ya fito da shi a 2011, Atlassian ya saye shi a 2017 kan dala miliyan 425, kuma har yau siffarsa ba ta canja sosai ba: allo, layi, kati. Yabon da aka fi yi masa shi ne ba ya buƙatar koyarwa. Ka nuna wa yaron shago sau ɗaya yadda ake danne kati a ja shi gefe, shi ke nan ya iya.

Na ga yadda wani shagon ɗinki ya shimfiɗa nasa ana saura makonni kaɗan Sallah. Layukan su ne matakan aikin kamar yadda suke a shagon: an karɓi oda, an yanka, yana kan keke, yana wurin mai surfani, guga, yana jiran mai shi. Kowane kati hoton shaddar ne a fuskarsa, don haka ko wanda karatunsa bai yi nisa ba yana gane kayan da ido. A ciki an rubuta awo, kafin alƙalamin da aka bayar, cikon da ya rage, da ranar alƙawari. Jan tambari na nufin mai kayan zai yi tafiya. Waya ta yi ƙara, wata Hajiya ce: “Malam, ina labarin kayana?” Bai tashi ya tono ledoji a ƙarƙashin tebur ba, ya dubi allon ya ce, “Hajiya, suna wurin mai surfani, jibi in Allah Ya yarda su dawo a yi guga.” Abin da ya fi burge ni shi ne layin mai surfani ya yi tsawo har sai an ja ƙasa, sauran kuwa gajeru. Ba wanda ya yi lissafi, allon da kansa ya tona inda aiki ke maƙalewa, kuma a makon suka nemi mai surfani na biyu.

A kyauta Trello yana ba da allo har 10 da mutum har 10 a wurin aiki ɗaya, kati kuwa ba iyaka, sai dai kowane fayil da za a liƙa kada ya wuce megabait 10. Hoton yadi zai shiga, bidiyo mai tsawo ba zai shiga ba. Ga shago mai mutum biyar ko shida wannan ya wadatar, shekara da shekaru, ba a biya ko pesewa ba.

Ƙorafin da ake yi a kansa ma gaskiya ne. Idan katuna suka yi yawa allon yana rikiɗewa ya zama jibgi, musamman a ƙaramar fuskar waya inda layi ɗaya kawai ake gani a lokaci guda. Ba shi da hanyarsa ta asali da za ka ce wannan aiki ba zai fara ba sai wancan ya ƙare. Jadawalin kwanaki da ganin ayyukan alluna da yawa a wuri ɗaya suna cikin tsarin Premium mai tsada. Kuma yana barin a saka mutum uku a kati ɗaya, wanda a ido alheri ne, a aikace kuwa kowa sai ya zaci ɗan'uwansa ne zai yi.

Wannan matsalar ta ƙarshe ita Asana ta toshe da gangan. Dustin Moskovitz, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Facebook, shi da Justin Rosenstein suka kafa kamfanin a 2008, kuma ƙa'idarsu ita ce aiki ɗaya, mutum ɗaya ke ɗauke da shi. Wasu na iya bin aikin su yi tsokaci, amma suna ɗaya ne a gurbin mai alhaki. Masu ƙungiyoyin sa-kai da ƙananan ofisoshi su suka fi yabon wannan, don sun san ciwon zaman taron da aka tashi kowa ya ce “za mu yi” kuma ba wanda ya yi. Kowa yana da shafinsa da ke tattaro duk abin da aka ɗora masa daga kowane aiki, ya ga na yau da na gobe. Ana iya kallon aiki ɗaya a matsayin jeri, ko allo, ko kalanda.

Sai dai Asana na mutanen tebur ne. Ta fi daɗi a kwamfuta, ta fi son wanda ya saba rubuta abu dalla-dalla, kuma tana aika saƙon imel da yawa har sai mutum ya shiga ya rage da kansa. Abin da ya sa za ka fifita ta a kan Trello, wato jadawalin Gantt da ɗaure aiki da aiki, yana bayan kuɗi. Kyautarta ma an sha matse ta: a da mutum 15 ke shiga, aka mayar 10, daga baya aka sake ragewa, don haka a duba iyakar ranar da za a yi rajista kafin a kwaso jama'a. Hukuncina a kanta a taƙaice: idan ba za ku biya ba, kusan babu abin da za ta ba ku wanda Trello bai bayar cikin sauƙi ba, in ban da wannan ƙa'ida ta mutum ɗaya, wadda ku ma kuna iya kafa wa kanku da baki.

monday.com kuwa ido take fara kamawa. Kamfanin Isra'ila ne da ke Tel Aviv, ya fara da sunan dapulse a 2012, ya sauya suna a 2017. Siffarta tebur ce irin ta Excel amma mai launi: kore an gama, ruwan lemo ana kai, ja ya maƙale. Maigidan da ba ya zama a shago, yau yana Tamale gobe yana Akra, shi ya fi son ta, don daga nesa launukan sun gaya masa komai. Tana kuma karɓar ginshiƙai iri-iri a gefen kowane aiki, kuɗi, lambar waya, kwanan wata, sunan direba, ta haɗa jimilla a ƙasa. Mai kawo kaya daga Tema yana rarraba wa shaguna a Adum da Alabar zai ji daɗin wannan fiye da kati.

Matsalarta lissafi. Kyautar mutum biyu ce kawai, wato ba ta ƙungiya ba ce. Tsarin biya yana farawa daga kujera uku ko da ku biyu ne, kuma kujerun a dunƙule ake sayar da su: 3, 5, 10, 15. Ku biyar ne, kuka ɗauki na shida, sai ku biya kuɗin goma. Wannan shi ne kukan da aka fi ji daga ƙananan ƙungiyoyi a kanta ko'ina, kuma kuka ne mai dalili.

ClickUp, wadda ta fito a 2017 daga Amurka, ta zo da niyyar haɗiye sauran duka. Allo, jeri, kalanda, Gantt, rubutun takardu, hira, ƙidayar awannin aiki, duk a ciki, kuma kyautarta ba ta ƙayyade yawan mutane ba, wurin ajiyar fayil ne ta matse ƙwarai. A takarda ita ce ta ci gasa. A hannu kuwa shigarta ta farko kamar shiga kasuwar Kejetia ce ga baƙo: babu abin da babu, amma ka fi awa kana neman ƙofar da ka shigo. Kafin a rubuta aiki na farko sai an yanke shawarar matakai, wurin aiki, sashe, jaka, jeri, sannan aiki da 'ya'yansa. Ra'ayin masu amfani da ita ya rabu biyu sarai. Wanda ya zauna ya gina ta da hannunsa ba ya son jin sunan wata. Waɗanda aka gina wa aka ce su shiga, su ne ke cewa ta yi nauyi, maɓallai sun yi yawa, tana jan ƙafa a ƙaramar waya. Ƙungiyar matasa masu ƙera shafukan intanet ko zanen talla, kowa da laftof ɗinsa, za su ci moriyarta. Ban ga dalilin kai ta shagon da rabin ma'aikatansa almajiran sana'a ne ba.

Notion ba zan daɗe a kanta ba, don asalinta wurin rubutu da adana bayanai ne, allon ƙari ne da kai za ka gina. Kwamitin makaranta mai son tara tsarin karatu, bayanan zama da jerin ayyuka wuri guda zai so ta. Amma kyautarta ta mutum ɗaya ce a zahiri: da zarar an zama ƙungiya sai a saka iyaka ga yawan abin da za a rubuta. Wanda kuma ofishinsa ya riga yana biyan Microsoft 365 na kasuwanci, ya leƙa Planner tukuna, allo ne irin na Trello da ke cikin abin da ya riga ya saya.

Yanzu kuɗi, wanda a nan Ghana ba ƙaramin zance ba ne. Duk da dala suke saka farashi, kan kowane mutum, kowane wata. A farashin 2025, ga wanda ya biya na shekara gaba ɗaya, matakin farko na Trello dala 5 ne, ClickUp 7, Asana 10.99, monday 9 a ƙaramin mataki da 12 a matakin da ke da jadawalin kwanaki. Ƙungiyar mutum biyar ke nan za ta kashe dala 300 a shekara a Trello, 420 a ClickUp, kusan 660 a Asana, 720 a monday mai jadawali. Na shida ya shigo monday, lissafin ya tashi 1,440. Mai biya wata-wata kuma ya fi haka biya. Sannan a tuna abin da sidi ya yi a 2022: ya shiga shekarar dala ɗaya tana kusan sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 14. Wanda ya ɗaure aikinsa da manhajar biya a farkon shekarar ya ga kuɗin ya ninka ba tare da an ƙara masa komai ba. A 2025 sidin ya farfaɗo sosai, amma mai ƙaramin jari ba ya gina kasafinsa a kan fatan haka za ta ɗore. Ga kuma hanyar biyan: katin banki irin Visa ko Mastercard suke nema, mu kuwa harkarmu ta MoMo ce. Shi ya sa nake auna kowacce da abin da take bayarwa kyauta tukuna, in ga ko za a iya zama a nan ɗin.

Bayan kuɗi sai waya da sabis. Ba wayar maigida za a duba ba, a dubi ta wanda ya fi kowa ƙaramar waya a ƙungiyar, wadda ajiyarta ta cika da hotuna, datarsa kuma ta kwana ɗaya ce. Idan manhajar ba ta buɗe masa da sauri ba, ba zai ce komai ba, zai dai koma aika saƙon murya, kuma daga ranar allon ya fara ƙarya. Manhajar Trello ta waya tana barin a duba kati a kuma gyara ba intanet, ta daidaita idan sabis ya dawo. Wanda ya ga 14 ga Maris 2024, farkon azumi, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke ƙasar ta wuni tana lalube, ya san wannan ba ƙawa ba ce. Dumsor ma, wato yawan ɗauke wutar lantarki, bai bar mu mun manta da shi ba.

Akwai kuma abin da masu tallar manhajojin ba sa kawowa don ba da mu suka yi lissafi ba. Babu ko ɗaya a cikinsu mai maɓallan Hausa ko Twi, duk da cewa abin da za ka rubuta a kati da sunayen layuka kana iya sa su da Hausa, kuma ina ba da shawarar a yi hakan. Mutanenmu da yawa da murya suke aiki, rubutu nauyi yake yi masu. Kowacce kuma tana neman adireshin imel kafin a shiga, alhali yaro da yawa mai shagon waya ne ya buɗe masa Gmail ranar da ya sayi wayar, bai taɓa sanin kalmar sirrin ba. Ranar farko takan ƙare ne a neman kalmar sirri, ba a koyon allo ba. A nan ma wanda ya fi dogara da hoto da launi da jan kati shi ke cin nasara a kan mai neman a cike gurabe.

Duk da haka, abin da na ga yana kashe allo ba ya cikin waya. Makon farko kowa na ɗoki. Mako na uku Masta, wato maigidan shago, da kansa ya karɓi oda a bakin masallaci bayan Magariba, ya riƙe a ka, bai buɗe mata kati ba. Yaran suka gani. Idan babba bai bi allon ba, ba wanda zai bi, kuma ƙaramin ba zai iya ce masa “Masta, ba ka saka ba” sai in shi ya ba da wannan izini a gaban kowa. Inda abin ya zauna, za ka tarar an ɗora wa mutum ɗaya, sau da yawa wata ƙanwa ko ɗiyar gida mai kula da littafin kuɗi, ta bi allon kowace safiya kafin a fara aiki, ta kwashe abin da ya shigo ta WhatsApp ta mayar kati. WhatsApp ba ya mutuwa, kada ma a yi wannan mafarkin. Kwastoma ta nan zai ci gaba da zuwa. Abin da ake nema shi ne kada oda ta kwana a can.

Saboda haka ga inda na tsaya. Ƙungiyar da ba ta kai mutum goma ba, aikinta oda ce mai shiga da fita, ta ɗauki Trello na kyauta, allo ɗaya, layuka kada su wuce shida ko bakwai, suna ɗaya a kowane kati. Wadda aikinta sarƙa ne mai wa'adi, kuma akwai mai ɗaukar nauyi ko kwangilar da za ta biya dalar, Asana ta fi tsabta. Idan dalar babu amma akwai mai haƙurin zama ya gina, kuma kowa na da kwamfuta, ClickUp. monday sai ga wanda ya ƙirga kujerunsa da kyau ya ga ribar da ke shigowa ta ɗauke su. Waɗanda kuwa duk a ɗaki ɗaya suke aiki daga safe zuwa dare, su fara da farin allo a bango da 'yan takardu masu manne. Idan wata ya zagayo takardun na motsi, manhaja za ta karɓe su. Idan sun bushe a inda aka manna su, an huta da ɓata data.

Kowacce aka zaɓa, a buɗe asusun da imel na shagon ko na ƙungiyar, wanda maigida ke riƙe da kalmar sirrinsa, kada a bar shi a sunan ɗan'uwan da ya kawo shawarar, don gobe yana iya samun aiki a Akra ya tafi da makullin. A kuma duba cewa allon a rufe yake. Trello yana da zaɓin buɗe allo ga duniya, kuma an sha samun allunan mutane a binciken Google saboda wani ya danna wannan bai sani ba. Katunan nan na ɗauke da lambobin wayar kwastomomi da awonsu da bashin da ake bin su, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Ghana ta 2012 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan a kan wanda ya tara su. Wanda ya bar aiki a cire shi daga allon a ranar, kafin a yi sallama.